Geron Baba Helma na Tsohon Haƙo

Bana ruwa ya yi jinkiri. Mun yi binne tun da wuri, sai aka yi yayyafi guda wanda ya isa ya ta da tsiro amma bai isa ya raya shi ba, rana ta bi ta ƙone shi. Yanzu kullum da la'asar hadari kan taso daga gabas, ya yi baƙi, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Samarin ƙauyenmu, nan tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, sun fara zancen tafiya. Wasu har sun sayar da baburansu sun bi ta Maigatari sun tsallaka Nijar, wai can cikin hamada ana haƙo zinariya. In sun zauna a ƙofar gida suna wannan hira ina jiyo su daga tsakar gida. Ba wanda ya taɓa tambayata, amma duk garin nan ni kaɗai na rage wadda ta taɓa riƙe ɗanyar zinariya a tafin hannu.

Abin ya kusa shekara arba'in. Ina da shekara uku a gidan miji, 'yata ta fari, Rabi, tana goye. Daminar da ta gabata gero ya tashi da kyau har ya fid da kai, daga nan ruwa ya ɗauke. Kan ya tsaya tsaye a gona ba nauyi, in ka murza shi sai ƙaiƙayi. Abin da muka tara bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Muka koma kan busasshiyar tafasa da dusa, muka shiga jeji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu. Na taɓa bin mata muka tona gidan tururuwa don ƙwayar da suka tara. Awakinmu biyu, ɗaya ta mutu, ɗaya muka rabu da ita a kan hatsin da bai kai mako biyu ba.

Irin shuka yana cikin wani tulu da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya liƙe bakinsa da laka. Ilu ake kiransa, ni dai Malam nake ce masa. Ranar da nonona ya ƙafe, Rabi ta wuni tana kuka har muryarta ta dushe, shi da kansa ya ɗauko tulun ya fasa lakar da ƙotar fartanya. Na daka na dama kunu. Ya ce in sha, shi ba ya jin yunwa, ya fita.

Bayan kwanaki kaɗan muka kama hanyar Gagarawa Tasha a ƙafa. Wani falke ne ya gaya wa Malam cewa can kudu maso yamma da Kano akwai wani ƙauye da ake wankin zinariya a rafi, mai ƙarfin jiki ba zai rasa abin kaiwa baki ba. Jirgin ƙasa ya kai mu Kano, daga nan muka hau bayan gingimari a kan buhunan gishiri, muka ƙarasa sauran da ƙafa.

Tsohon Haƙo ake kiran garin. Ni da na tashi cikin rairayi, ban taɓa ganin dutsen da ya fi dutsen niƙa girma ba, sai ga duwatsu kamar ɗakuna, ƙasa ja wur, itatuwa dogaye waɗanda ban san sunansu ba. Ko'ina ka duba a bayan gari ramuka ne da tulin tsakuwa da ciyawa ta rufe. Akwai wani gini na dutse ba rufi, da wani ƙaton ƙarfe mai haƙora da ya yi tsatsa ya nutse cikin ƙasa, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Aka ce mana tun zamanin Turawa ne. Kafin su zo babu gari a wurin, jeji ne da rafi. Da suka gano zinariya suka tara leburori daga ko'ina, aka yi bukkoki, aka yi kasuwa. Da abin ya ja baya suka kwashe kayansu suka tafi, leburorin da ba su koma ba suka share jejin suka zama manoma. Shi ya sa a gari guda za ka ji mai Sakkwatanci, ka ji Banufe, ka ji Babarbare, duk sun auri juna.

Mai unguwa ya sauke mu a gidan wani tsoho da ake kira Baba Helma, don shi ne shugaban leburori a da. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, yatsu biyu na hannun hagunsa babu. Matarsa, Iya Tabawa, gajeriya ce mai yawan dariya, ba su da ɗa a raye. Ta ba mu ɗakin da take ajiye tukwane, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka. Na ci ina kunyar yadda nake kai loma da sauri.

Da na durƙusa na gaishe da Baba Helma sai ya tsaya yana kallona.

“'Yar nan, daga ina kuke?”

“Daga ƙasar Gumel, Baba.”

“Ta wane gefe?”

Malam ya gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya huta gajiya, ya tashi ya fita. Na zaci ko wani abu muka yi ba daidai ba. Iya Tabawa ta ce in rabu da shi, haka yake.

Washegari aka soma koya mana aiki. Maza ke haƙa a gefen rafi da diga da shebur, su ciko kwanon sarki da tsakuwa su kawo bakin ruwa. Mata ke wanki. Rafin ya ƙafe a lokacin, sai ɗan kududdufi nan da can, ruwan ja kamar kunun kanwa. Iya Tabawa ta ba ni akushi mai faɗi, ta tsaya a bayana ta kama hannuwana. A zuba ƙasa, a nutsar da akushin, a juya a hankali, a karkata, laka ta fita, a tsince manyan duwatsu, a sake juyawa. Haka har sai ba abin da ya rage sai ɗan baƙin yashi a gindi. Cikin wannan baƙin yashi ake dubawa.

Kwana huɗu ina zubar da rabona ban sani ba, don ina karkata akushin da gaggawa. Iya takan ce, “Hurera, ba tankaɗe kike yi ba. Ki bi shi kamar kina wanke jariri.” Rana ta biyar na ga wasu ɗigo uku masu launin ƙwaiduwa, kowanne bai kai ƙwayar riɗi ba. Na ce mata ga wani abu nan. Ta leƙa, ta lashi yatsa ta ɗauke su ta sa a wata 'yar kwalbar turare, ta rataya mini a wuya. Ran kasuwa wani mutum yakan zo da ɗan sikeli, a kai masa, a wuce wurin masu hatsi a auno dawa. Iyakar arzikin ke nan. Amma cikin mako biyu nono ya dawo, Rabi ta fara dariya in ta ga kaji.

Muna cikin haka azumi ya kama, a tsakiyar bazara. Zafin wurin daban yake da namu. Namu na iska ne, nasu duwatsu ke riƙe shi su mayar maka a fuska. Mukan fita da sassafe mu yi aiki har hantsi ya ɗaga, mu koma inuwar wata ƙatuwar ɗorawa mu kwanta a kan zannuwanmu, ba mai iya magana. Abin da ya fi wuya shi ne ka wuni ƙafafunka cikin ruwa, hannunka cikin ruwa, maƙogwaronka a bushe. Fatar yatsuna ta yi fari ta tsattsage, da yamma Iya ta shafa mini man kaɗe. In la'asar ta yi sanyi mu koma gida, ni daka, ita tace tsamiya. A buɗe baki da kunun tsamiya da ɗan ƙosai in an samu wake. Kowane gida kan aiko da ƙoƙo, mu ma mu aika, ko da abin da ke ciki bai rufe gindinsa ba. Ban san lokacin da na fara son garin ba.

Na koma can sau ɗaya, shekarun baya, da aka kai wata jikata aure kusa da wurin. Yawancin ramukan an cike su an shuka masara, an yi makaranta a inda kasuwa take, ƙarfen nan an ce masu sayen gwangwan sun yanka sun tafi da shi. Na tambayi wata yarinya me ya sa ake ce wa garinsu Tsohon Haƙo, ta ce ita ma haka ta tashi ta ji. Ɗorawar dai tana nan.

A goman tsakiya na azumi ruwan farko ya sauka a can. Da azahar ne. Iska ta kwanta, tsuntsaye suka yi shiru, sai ƙanshin ƙasa ya riga ruwan isowa. Muka tsaya a fili da gangan, muna rufe baki kada ɗigo ya shiga. Kafin magariba rafin ya taso yana ruri. Da ya janye bayan kwana biyu ya bar sabon yashi a kowace lanƙwasa, kuma a nan na gane abin da ke riƙe mutane a wurin. Abin da nake samu a mako sai na same shi a wuni guda. Malam ya tsinci wata 'yar ƙwaya kamar ƙwayar dawa da idonsa, ba wanki. Tun da muka bar gida ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Ni kuwa tun da na shaƙi ƙanshin ƙasar nan hankalina ya koma gida. Na san in ruwa ya sauka a kudu, saura wata guda ko ƙasa da haka ya iso mu. Da muka zauna shan ruwa na ce, “Malam, yaushe za mu kama hanya?”

Ya ce, “Mu kama hanya mu je mu shuka me?”

“Sai mu sayi iri a nan.”

“Na duba kasuwa, Hurera. Maiwa ce da dawa mai dogon zango. Ruwanmu na can ba zai kai su ba. A gida kuma kowa ya cinye nasa kamar yadda muka cinye namu.” Ya juya ƙoƙon a hannunsa. “Mu yi damina ɗaya a nan. In an yi kaka mu koma da abin hannunmu, in sayi san noma.”

Na san gaskiya ya faɗa. Na dai tuna gonarmu da gawon da ke tsakiyarta, da surukata da muka bari a gidan ƙaninsa, sai hawaye suka zubo mini cikin kunun.

Baba Helma yana zaune a kan buzunsa can gefe, ashe yana ji. Washegari bayan la'asar ya ce wa Malam, “Ilu, ɗauko iyalinka ku raka ni.”

Muka bi shi bayan gari, muka wuce ginin dutsen, har wani wuri da aka kewaye da duwatsu. Rami ne da ya rufta, ya zama kamar kwari, tsakiyarsa ya lotsa. Duk sauran ramukan ciyawa ta cinye su, wannan kuwa a share yake tas. A gefensa akwai 'yar gona da ba ta fi tsakar gida biyu ba, an riga an yi mata kunya. Na sha ganin mutanen gari in sun zo wucewa ta nan sukan rage murya, ban taɓa tambaya ba.

Ya zauna a kan dutse ya ce, “Ni mutumin Tsamiya Uku ne, gabas da Maigatari. Sunana Habu.”

Muka dubi juna ni da Malam.

“Rani ɗaya na zo yi. Ni da ƙanena Sallau. Innarmu ba ta so ya biyo ni ba, ni na ce ta bar shi, zan dawo mata da shi kafin shuka. Da ruwa ya sauka muka ga abin da kuka gani shekaranjiya. Sallau ya ce Yaya mu tafi gida. Na ce mu yi damina ɗaya.” Ya nuna ramin da hannunsa mai yatsu uku. “Ƙasa ta sha ruwa, Bature ya ce a shiga, ni ne na kira sunayen masu shiga. Yana ciki, shi da wasu. Mun tona kwana uku da hannu. A nan na bar yatsun nan, ba mu kai gare su ba.”

Rabi ta motsa a bayana, na jijjiga ta.

“Da wace fuska zan shiga gidanmu ni kaɗai? Na ce sai baɗi. Baɗi ta zo na ce sai wata baɗin. Yanzu ko hanyar ban tabbata zan gane ba.”

Malam ya ce, “Allah ya jiƙansu, Baba.”

“Amin. Ba don in hana ka na kawo ka ba, Ilu. Kai ne mai iyali. Na dai ji ka faɗi maganar da na taɓa faɗa, da irin harshen da na faɗe ta.”

Da muka koma gida ya shiga ɗakinsa ya daɗe, ya fito da dami ƙarami da aka naɗe da tsohuwar tabarma, yana warin hayaƙi. Ya kwance. Gero ne, gajerun kai, ƙwaya a cike, irin namu na arewa mai saurin nuna. Ya ce cikin guzurin da innarsu ta ɗaure musu akwai zangarniya kaɗan da ba su kai ga sussukawa ba. Shekarar da abin ya faru ya shuka su a bakin ramin, kuma tun daga nan bai taɓa fashi ba. Ba ya ci, ba ya sayarwa, sai dai ya yi sadaka da kunu ya ajiye iri. Ya ware zangarniya kaɗan ya mayar ɗaki, ya tura sauran gaban Malam.

“Ga abin shukawa. In kun tsaya, ku bar mini abina. In za ku tafi, naku ne.”

Malam ya ɗauki ɗaya ya murza a tafin hannu ya hure ƙaiƙayin. Ya daɗe yana kallon ƙwayar. Sannan ya ce da ni in fara haɗa kaya.

Iya Tabawa ta raka mu har bakin rafi tana yi mini faɗa a kan kada in bar Rabi cikin rana, ta cusa mini akushin a cikin kaya ta juya da sauri. Baba Helma bai rako mu ba. A ƙofar gida ya ce, “In hanya ta bi da ku Tsamiya Uku, ina da ƙanwa, Dije. Na bar ta ba ta isa ɗaukar tulu ba. Ban ce ku je ba.”

Mun iso gida ana saura kwana uku sallah. Ruwan shuka ya sauka bayan mako biyu. Malam na gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa ƙwaya ina takewa, kuma ban taɓa ƙirga ƙwaya a rami da tsoro irin na ranar ba. Irin bai isa rabin gonar ba, duk da haka Malam ya ɗebi kaɗan ya ba ƙaninsa da maƙwabcinmu. Daminar ba ta yi tsawo ba, amma geron ya riga ɗaukewar ruwa nuna. Ranar da na gasa tumun farko na ba surukata, ta ci tana kuka tana sa wa mutumin da ba ta taɓa gani ba albarka. Har yau a ƙauyenmu akwai masu ce wa gajeren gero ɗan Helma, ba su san ko wane ne ba.

Bayan an gama girbi muka ɗaura dami ɗaya a kan jaki muka nufi Tsamiya Uku. Sai da muka yi ta tambaya kafin aka nuna mana gidan. Dije ta tsufa, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, jikoki kewaye da ita. Malam ya tsaya a zaure, ni na shiga. Na gaishe ta, na rasa ta inda zan fara, sai na ce, “Iya, kina da wa mai suna Habu?”

Hannunta ya tsaya. “Ina da shi da.”

“Yana raye. A gidansa muka yi bazara.”

Ta kori yaran. Ta tambaye ni tsawonsa, ta tambaye ni ko yana da iyali, ko yana cin abinci sosai. Sai can ta ce, “Sallau fa?”

Na gaya mata duka, har ramin da yadda yake share shi. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta goge fuska da gefen zane ta ce, “Inna ta faɗa. Ta ce da su biyun na raye da sun dawo, da su biyun sun mutu da labari ya zo. Ɗaya ne ya rasu, ɗayan kunya ta riƙe shi. Har ta bar duniya tana cewa in an gan shi a ce masa ba ta riƙe shi da komai ba.”

Na sa aka shigo da damin. Ta zare zangarniya ɗaya ta juya ta a hannu, ta ɓantari ƙwaya ta tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta ce irin wannan babansu ke shukawa, su nasu ya ɓace tun wata yunwa da aka yi tana amarya.

Da rani ya shigo Malam ya koma Tsohon Haƙo takanas, ba don zinariya ba, ya kai wa Baba Helma saƙon innarsu kamar yadda aka faɗa. Tare suka dawo. Na je Gagarawa Tasha na tarye su, na ga Baba Helma ya sauko daga jirgi da sabuwar riga, ya tsaya yana kallon rairayin da ke ƙarƙashin takalminsa. Ban ga haɗuwarsa da Dije ba, Malam ne ya kai shi, kuma da na tambaya sai ya ce shi ma waje ya fita ya bar su. An nuna masa kabarin innarsu da na babansu. An nuna masa gonar, wadda 'ya'yan Dije ke nomawa, suka ce ya zaɓi gefen da yake so, za su yi masa ɗaki, a je a ɗauko Iya Tabawa.

Kwana tara ya yi. Ran na goma ya biyo ta gidanmu da 'yar jakarsa, zai koma tasha. Na kawo masa fura, na durƙusa na ce, “Baba, ai na zaci ka dawo ke nan.”

Ya sha, ya ajiye ludayin, ya ɗauki Rabi ya ɗora a cinya, lokacin ta fara tafiya.

“Na dawo, 'yata. Na ga gida, gida ya gan ni,” ya ce. “Amma su nan suna da yawa. Sallau yana can shi kaɗai.”